Azarar gidan kakanmu ta zama teburi, abokina ya ce an cuce ni

Auwalu Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Masu sana'ar katako nake so su raba mu gardama da wani abokina, don yau kwana uku ke nan muna abu ɗaya.

Bayan babbar salla aka fara rushe tsohon gidanmu na ƙasa a cikin birni, za a tayar da na bulo. Zauren gidan da ɗakin kakarmu duk rufin azara ne. Na dawo daga aiki da la'asar na tarar an jibge azarar a bakin lungu, wani mai gidan burodi har ya gama ciniki da leburori, mai kura yana jira a loda masa. Haka kawai abin ya tsaya mini a rai. Na mayar wa mutumin kuɗinsa har da ɗan ƙari, na zaɓi guda 14 masu lafiya, na haɗa da ƙyauren ɗakin kakar, wanda tun ina yaro nake jin kukansa in ta buɗe shi da asuba za ta yi alwala. Na kai wa wani kafinta a Na'ibawa, wajen 'yan katako a nan Kano. Mako biyar ya yi, ya fitar mini da teburi, ƙyauren ne samansa, azara ce ƙafafunsa, sai kantar littattafai mai hawa uku. Kuɗin hannu N95,000 ya karɓa.

Abokina ya ce an yi mini wayo, wai katako nawa, kuma na biya abin da ya fi kuɗin sabon teburi mai sheƙi. Ni dai kayan sun yi mini, amma maganarsa ta fara shiga ta. An cuce ni ko ba a cuce ni ba?

Sadiƙu:
Wa alaikumus salam. Sa mana hoto mana, gani ya kori ji.

Auwalu Ɗan Birni:
Na sa guda uku, ku duba.

Nura Mai Kujeru:
Malam Auwalu, kada ka ji haushi, abokinka bai yi ƙarya ba. Shekara 12 ina sayar da kayan ɗaki. Da kuɗin nan zan ba ka teburin MDF, katakon nan na garin itace da aka matse, mai gilashi a sama, har kuɗin mai kura in biya maka. Kasuwa ba ta san kakarka ba. Mai saye ido yake bi, in abu bai yi ƙyalli ba ko taya shi ba ya yi. Je ka ce wa uwar amarya za a yi wa 'yarta madubi da ƙyauren da aka ciro daga rusau, ka ga ko za ka sha ruwan gidan. Wannan abin marmarin masu kuɗi ne da Turawa, ba sana'ar da za ta ci da gida ba.

Oga Sani Kafinta:
Nura, kai ɗan kasuwa ne, mu ne masu shan ƙurar. Bari in gaya maka inda kuɗin ya tafi.

Sabon falanki daga 'yan katako, ka kai inji a share maka, cikin minti goma ya fito sumul, ka auna ka yanka. Tsohon katako kuwa sai ka yi kwana biyu ko uku ba ka fara aiki ba, cirar ƙusa kawai kake. Wadda ake gani ba ta da wuya. Masifar ita ce wadda kanta ya karye ta nutse ciki, tsatsa ta rufe ta. Ni maganaɗisun tsohuwar lasifika nake ɗaurawa a zare, in riƙa jan sa a kan katakon a hankali, duk inda ya ɗan tsaya in zagaye da alli. Duk da haka wata takan kuɓuce. Bara guda ɗaya tal ta cinye mini haƙora huɗu na zarton inji, tartsatsi ya tashi, yarona ya yi tsalle sai ga shi a titi. Shi ya sa masu inji da yawa in suka ga tsohon katako ba sa karɓa, dole ka koma aikin hannu.

Sannan ita azara ba irin katakon da muka saba da shi ba ce. Giginya ce aka tsaga. Bayanta ne mai ƙarfi, cike da baƙaƙen jijiyoyi kamar allurai, cikinta kuwa laushi ne da shi. Ka buga mata ƙusa kai tsaye ta tsage maka har ƙasa, sai ka huda tukun. Tana dakushe kaifi nan da nan, tsinkenta kuma in ya shige tafin hannu sai an sa allura. Wanda ya fitar maka da ƙafafu huɗu daga azara suka tsaya daidai, teburin ba ya rawa, wallahi guminsa ya ci. Ni a wannan kuɗin ba zan karɓi aikin ba.

Nura Mai Kujeru:
To Oga ai ka ƙara tabbatar da maganata. Wahala mai yawa, kuɗi mai yawa, masu saye kaɗan.

Oga Sani Kafinta:
Ka manta da hunturu. Katakon da ake kawo mana daga kudu yawancinsa ɗanye ne, bai gama bushewa ba aka loda shi a tirela. Yi ƙofa da shi a watan Agusta, Janairu na yi ta buɗe baki har kana hango tsakar gida ta tsagar. Mai kaya ya zo ya yi maka tatas, alhali iska ce ta shanye ruwan jikin katakon. Shi wannan ƙyauren damina da hunturu nawa ya gani? Murɗewar da zai yi ya gama ta tun kafin a haife ka. Wannan ba a sayen ta a Na'ibawa ko nawa gare ka, shekaru ne ke yin ta.

Maman Ilham:
Malam Nura, tun da ka jawo mu uwayen amare ciki, bari in tanka. Gaskiya ne ba zan kai 'yata ɗaki da tsohon ƙyaure ba, dangin miji su zo ganin jere a yi da ni a gari. Amma ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya. Durowar da aka yi wa ƙanwata irin taku mai sheƙi, damina ɗaya ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, gindinta ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Akwatin katakon da aka kai mahaifiyarmu ɗaki da shi kuwa yana nan, a ciki muke ajiye barguna.

Ni tambaya ce ma ta kawo ni. Turmin gidanmu ya tsage daga baki har kusan tsakiya, mun daina daka a ciki. Yara suna so su fasa a hura wuta, na hana. Akwai abin da za a yi da shi?

Baba Masassaƙi:
Jikana ne yake rubuta mini, ni idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan.

'Yata mai turmi, kada ki bari a fasa. In ya yi nauyi, cikinsa ja-ja ne mai duhu, to wataƙila kirya ce. Da ita muke yin turmi da taɓarya saboda tauri, gawayinta kuma maƙera suke nema. Yanzu sai ka yi tafiya mai nisa a daji ba ka ga wadda ta isa turmi ba. Ki kifa shi, gindin ya koma sama, a share a goge, kin samu kujera ko wurin ɗora faranti. Tsagar kuma ba a cika ta da gam, ƙarya ne, za ta sake buɗewa. Ana sassaƙa ɗan katako mai siffar kalangu, faɗi a baki biyu, tsuke a tsakiya, a fafe masa gurbi a gicciye a kan tsagar, a buga shi ya zauna daram. Biyu ko uku sun isa. Tsagar na son buɗewa, kalangun na riƙe da ita ta gefe biyu.

Shi kuma yaro mai azara. Na sa an matso mini da hoton. Baƙar nan da ta fi duhu a ƙafar hagu, daga wajen murhu ta fito, kunkunniya ce ta shige ta shekara da shekaru. Irin wannan gara ba ta ko kallon ta. Magina na da namijin giginya suke nema, wanda ya tsufa, shi ya fi ƙwari. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma ku daina haɗa mu da kafintoci. Kafinta haɗa falanki yake da ƙusa. Mu gungume ɗaya muke fafewa da gizago, akushi ne ko turmi ko kujerar mata, babu haɗi a jikinsa. Allon da ka yi karatu da shi ma daga aduwa muka fitar.

Oga Sani Kafinta:
Allah ya ƙara girma Baba, mun karɓi gyara. Kalangun nan mu ma muna yi, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da wannan sunan ba. Na ɗauka.

Ɗalibar Zane-zanen Gini:
Ku yi haƙuri, ni ta wani gefen zan ɓullo, kuma na san ba zai yi wa Yaya Auwalu daɗi ba. Azarar ba ni da ja a kai, gara teburi da tandar burodi. Ƙyauren ne ya dame ni. Wannan ba itacen da aka tsinta ba ne, aikin wani gwani ne da ya riga ya kammala. Ku dubi ƙusoshin nan masu faffaɗan kai a hoto na biyu, na maƙera ne, ɗaya bayan ɗaya aka ƙera su. Don me za a mayar da ƙyaure teburi alhali ana iya kafa shi ƙyaure a sabon gidan?

A Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, an ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, mutane na zuwa kallo. Na gidajen talakawa kuwa babu mai ajiyewa, kullum ƙarewa suke. Mu nan Zariya muna alfahari da Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, laka da azara ya ɗaure bakan gizon da ke riƙe rufinsa da su, kuma kowa ya san wani ɓangarensa ya rufta a 2023 har aka rasa rayuka. In manya irin wannan suna tafiya, ƙanana ma mu riƙa yanka su da zarto? Ina tsoron ranar da wannan ado zai yi kasuwa, 'yan bola jari su fara ɓalle ƙyamare daga gidajen da ba su ma rushe ba.

Auwalu Ɗan Birni:
Ƙanwata, maganarki ta shige ni, amma ki ji yadda abin yake. Tsayin ƙyauren bai kai kafaɗata ba, mutanen da sai sun sunkuya suke shiga ɗaki. Ƙofar sabon gini ba za ta karɓe shi ba. Gindinsa kuma kamar taƙi ɗaya ya ruɓe, yatsa na shiga. Iyakar wurin aka yanke. Na roƙi kafintan kada ya share fuskar, ya bar ƙusoshin, ya bar har wurin da hannu ya lashe ya yi santsi kusa da sakata. Da samfefa mai laushi kawai ya bi shi. In na zauna cin abinci nan wurin nake ɗora hannuna.

Ɗalibar Zane-zanen Gini:
To Alhamdulillahi da ba a share ba. Amma da ni ce, a bango zan jingine shi yadda yake. Ka dai ɗauki hoton bayansa da ma'auninsa ka ajiye.

Sista Mai Jinya:
Kun yi ta maganar kyau da tarihi, ni ta huhu da ciki zan yi. Yaya Auwalu, ƙyauren nan an taɓa yi masa fenti? In akwai tsohon fentin mai, a yi hattara, da yawansu akwai dalma a ciki. Ana goga shi da samfefa ya zama ƙura, ta sauka a ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Can daga niƙan dutsen zinare ne a cikin gidaje, ba fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ta fi kamawa. Mai gogewa ya sa takunkumi, ya yi a waje, ya jiƙa wurin kafin ya share.

Na biyu, tsofaffin falwayoyin lantarki na katako da duk wani katako mai warin kwalta, an dafa su ne da baƙin mai mai guba don kada su ruɓe. Na taɓa ganin mai nama yana sara a kan irinsa. Kada a yi teburin abinci da shi, kada a shigar da shi ɗakin kwana, kada a hura wutar girki da shi. Haka wanda kafintoci suka shafa wa baƙin man inji saboda gara.

Auwalu Ɗan Birni:
Babu fenti ko kaɗan, Anti. Hayaƙi ne da dauɗar hannu kawai.

Khalid Falet:
Malam Nura ya ce ba sana'ar da za ta ci da gida ba ce, to ni da ita nake biyan haya. Falet nake saye, katakon nan da ake jera kaya a kai a cikin kwantena, daga masu kwasowa a Sharaɗa da Bompai. Ina kwance su in yi benci, teburin shayi, kantar takalma, in sa a Instagram. Masu wuraren shan shayi da matasan da suka kama sabon gida su ne masu saye. Abin da Sista ta faɗa ya shafe mu. Kowane falet da ya tsallako ƙasa yana da hatimi a gefe. In ka ga HT, gasa shi aka yi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 don a kashe ƙwari, wannan ba matsala. In ka ga MB, hayaƙin magani aka yi masa, ni ba na ɗauka. Wanda kuma ya yi tabon mai ko farin gari da ban san ko na mene ne ba, ko kyauta ne na bar shi.

Oga Sani Kafinta:
Khalid, Allah ya yi albarka, amma kada ka sa falet a layi ɗaya da ƙyauren can. Yawancinsa farin katako ne mai laushi, farce ma yana shigar sa. Ajiye shi a ƙasa damina ɗaya ka ga walimar da gara za ta yi.

Khalid Falet:
Oga ai ban ce ɗaya ba ne. Ina ɗaga ƙafafun daga ƙasa, kuma ina gaya wa mai saye gaskiya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ɗan Jalingo:
Ni abin da ya sa nake bayan masu tsohon katako daban ne. Na ga abin da aka yi wa maɗobiya a Taraba da idona, wadda 'yan kasuwa suke kira madrid. Shekarun baya tireloli ne dare da rana, gunduwa-gunduwa ana kai wa tashar ruwa zuwa ƙasar Sin. Sai da ta kai an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES, mai kare dabbobi da itatuwa daga ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu tun daga 2017. Tsaunukan da muka sani da duhuwa yanzu kana hango dutse tsirara. Yau in ka ga babban falankin maɗobiya ko maɗaci mai faɗi, a tsohon gida za ka gan shi ko tsohon benci na makaranta. Mu ƙona wannan a tanda, mu koma daji mu sare ɗan abin da ya rage?

Na Gaya:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan Gaya, yankin Dallol Mawuri, giginya ce dukiyarmu, kuma ba ka sare ta sai da takardar ma'aikatan daji. Shi ya sa in ɗaki ya faɗi babu mai ƙona azara, tsince ta ake yi a sake rufi da ita, wata ta rufe ɗaki biyu ko uku a rayuwarta. Da na karanta cewa mai burodi ya saye, sai da na sake karantawa.

Maman Ilham:
Baba, in an gyara turmin me zan shafa masa? Man gyaɗa?

Baba Masassaƙi:
A'a, man gyaɗa in ya daɗe yana sauya wari, ga kiran kiyashi. Narka kakin zuma ki haɗa da ɗan man kaɗe, ki shafa da tsumma, ki bar shi ya kwana, ki goge. Kada ki bari su zuba masa abin ƙyallin nan na gwangwani, sai ya koma kamar roba.

Malam Na Zaure:
Na bi zancen tun daga farko, akwai wurin da kowa ya tsallake. Malam Auwalu, gidan nan an raba gadonsa? In ba a raba ba, azara da ƙyaure duk cikin dukiyar magada suke, komai ƙanƙantarsu. Ka ce leburori ne suka yi ciniki da mai burodi. Wa ya ba su izini? In ba mallakarsu ba ce suka sayar, to kuɗin da ka mayar wa mai burodi ya fanshi kayan ne kawai, bai mallaka maka su ba. Ba ina ce maka ka yi laifi ba, niyyarka mai kyau ce. Amma ka tara masu haƙƙi ka gaya musu, ko su yafe maka ko a yi wa kayan kuɗi. Wannan kuma ya shafi duk mai sayen katakon rusau, a riƙa tambayar daga ina ya fito.

Auwalu Ɗan Birni:
Allah gafarta Malam, gaskiya ban kawo wannan a raina ba. Abin da na ga za a ƙona ne, babu wanda ya ko waiwaye shi.

Nura Mai Kujeru:
Ba a waiwaye shi ba da yake a bakin lungu. Yanzu da ya sha gyara za ka ga masu waiwaya.

Yaya Babba:
Auwalu, ashe nan ka kawo maganar. Ni ma ina zauren nan, shiru kawai nake yi. Na nuna wa Gwaggo hoton ɗazu, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Can ta ce mahaifinta ne ya sa aka yi ƙyauren shekarar da aka kawo Inna gidan, kuma tabon ƙunar nan na gefen dama ita ta yi shi da fitila tana yarinya, har aka yi mata duka. Ta ce ta yafe maka azara duka, kantar littattafan ma ka riƙe. Teburin kuwa a ɗakinta take so. Ranar Juma'a bayan an sauko za ta aiko da mai kura.

Sadiƙu:
Malam Nura ashe kai ma malami ne.

Auwalu Ɗan Birni:
To Yaya, ki ce mata na ji, ni da kaina zan kawo, kada mai kura ya fasa mini gefe. Oga Sani, azara 5 ta rage mini a bayan gida. In na samo tsohon falanki mai kyau na sama, nawa za ka yi mini wani?

Oga Sani Kafinta:
Kawo su in gani tukun, ba na yi wa azara kuɗi a hoto. Ka ɗaga su daga ƙasa ka ɗora a kan bulo kafin lokacin. Kuma ƙusoshin kai za ka cire, zan ara maka maganaɗisun.